Idona Ne Ya Raba 'Yata Da Aikinta

Ni dai ban taɓa zama a aji ba, wannan ma maƙwabciyata ce ke rubuta mini. A lokacin ina sayar da atamfa a unguwar Birikiteri, mijina ya rasu, kuma duk layinmu an san ni da sa ido. Ba abin da ke shiga gidana ban juya shi na gani ba. Ina alfahari da hakan.

'Yata ta fari ta yi karatun kwamfuta, wani kamfani a Tsinga ya ɗauke ta. Daga ɗaki take aikin. Ta ce mini shafukan intanet na 'yan kasuwa suna zaune ne a wasu manyan injuna a ƙasar waje, ita kuma daga nan take shiga ta gyara su. Allonta baƙi ƙirin ne, ba hoto, sai farin rubutu yana ta gudu. Ta ce akwai wani mabuɗin sirri a cikin kwamfutar, injunan ba sa buɗe wa kowa sai mai shi, don haka kada kowa ya taɓa. Wannan kalmar ta tsaya mini a rai. Na ce a zuciyata, budurwa a gidana tana da abin da uwarta ba za ta taɓa ba? Wa take wa magana a cikin wannan duhun?

Ban iya karatu ba, amma ina da ido. Kullum in na kai mata shayi sai in tsaya ina kallon inda yatsunta ke sauka, har na haddace. Ranar da ta tafi suna a Nkomkana, na naɗe kwamfutar a cikin ɗankwali na kai wa wani mai gyaran waya, ɗan ƙawata, wanda na goya yana jariri. Na nuna masa da yatsata wuraren da yatsunta ke sauka, kwamfutar ta buɗe. Ya ce in je in dawo. Da na dawo ya yi dariya, ya ce Hajiya ki kwantar da hankalinki, ba saurayi ko ɗaya, aiki ne zalla. Har albarka na sa masa.

Ba a jima ba shafukan mutane suka lalace, wasu aka mayar da su tarkon damfara. Patron, wato shugaban kamfanin, ya kira ta, ya nuna mata cewa da mabuɗinta aka shiga. Ta rantse, ya ce inji ba ya jin rantsuwa. Aka kore ta, maganar ta zaga duk masu irin aikin. Da na gaya mata abin da na yi, ba ta ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, wai me na samu a ciki. Shi kuwa ɗan ƙawar tawa ya musa cewa shi ya sace mabuɗin, uwarsa ta daina gaishe ni.

Yanzu tana Duwala, tana koyar da yara. Tana zuwa da salla, tana durƙusawa ta gaishe ni yadda na koya mata. Amma in za ta buɗe wayarta a gabana, sai ta sa tafin hannu ta kare.

Iyaye 'yan uwana, amanar da aka ba 'ya'yanmu a wurin aiki ba tamu ba ce, ko da a ɗakinmu take kwana. In zuciya ta yi zargi, a zauna a tambaya. Ni na tsare ƙofar gidana daga kowa, sannan na ɗauki ƙofar 'yata da hannuna na kai wa ɓarawo.