Mainassara, Zan Juya Ka

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Mainassara Ahmed, likitan dabbobi a nan Dakoro, bayan doguwar jinyar hanta.

Mainassara, mu ƴan ajinku na jami'ar Yamai mun san ka da tsokana da cin rabon mutum biyu a gidan abincin ɗalibai, kuma makiyaya sun san ka da bin su har rijiya da allurarka. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wankan gawa. Ka koya wurin kakanka, ba ka kuma taɓa ƙyamarsa ba.

Da aka fara mutuwa a cikin ƴan ajinmu, Zakariya ya rasu a Sabon Maci, kai ka hau moto ka riga kowa isa, ka wanke shi. Da Abdulganiyu ya bi shi a Ɗan Gulbi, kai ne dai. Aisa kuwa mata suka wanke ta, sai ka karɓi magirbi ka shiga cikin masu haƙa kabari. Ba ka taɓa juya mamaci ba sai ka kira sunansa ka gaya masa. Daga bayan zana na ji ka kana cewa, "Zakariya, zan juya ka," a hankali, kamar mai tashin maras lafiya shan magani.

Daga bayan zana na ce, domin ni iyakata ke nan. Duk ajinmu an san ni, Attaher, da tsoron gawa, kai ne ma shugaban masu yi mini dariya.

Da ciwo ya kwantar da kai, ka sa aka kira ni. Ka ce, "Attaher, kai za ka yi mani wanka. Ban son hannun da bai san ni ba." Na ce ga malamai cike da gari. Ka ce, "Malam ya san wanka, amma bai san ni ba." Kana kwance ka koya mini: ruwan ɗumi da ganyen magarya, alwala, a fara da dama, a rufe abin da Allah ya ce a rufe. Tun daga ranar na rasa sukuni. Tsorona kada in gudu in bar ka a hannun wasu.

Da Talata ta zo, na shiga. Yayanka Elhaji Habi na zuba ruwa. Na ga fuskarka ta sake, duk wahalar nan ta sauka, sai na ji zuciyata ta kwanta. Na kira sunanka, na gaya maka zan juya ka. Wallahi na ji sanyi a raina: ka huta da ciwo, ni kuma ban ba ka kunya ba.

Allah ya jiƙanka, ya wanke ka daga zunubi kamar yadda ka wanke ƴan uwanka. Ya jiƙan Zakariya da Abdulganiyu da Aisa, ya sa Aljanna ce makomarku. Ga matarka Mariama da ƴaƴanku, da Elhaji Habi da dukkan dangi, Allah ya ba su haƙuri, ya albarkaci bayanka.

Ku kuma sauran ƴan ajinmu, ku kwantar da hankalinku. Duk wanda lokacinsa ya yi, in ina raye, a kira ni.