Kicin a Kan Kabarin Dogara

An ɗora kicin a kan kabarin Dogara, mijin Milka. Kicin na girki, da murhun gas da wurin wanke-wanke, daidai kan ƙirjinsa. Waɗanda suka ɗora shi har hoto suka ɗauka a gabansa suna dariya.

Milka, wadda unguwa ke kira Mama Serah, 'yar Samaru Kataf ce. Aure ya kawo ta Kafanchan tana yarinya, lokacin da jirgi ke shiga tasha yana fita, Dogara kuma yana gyaran layin dogo. Da jirgi ya daina zuwa, albashi ya bi shi, ita ta riƙe gidan da citta. Ta saro daga ƙauye, ta tsaga, ta shanya, ta kai kasuwa. Da Dogara ya rasu aka binne shi a tsakar gida yadda aka saba, aka shafe kabarin da siminti, abokan aikinsa suka kafa masa gicciye na guntun ƙarfen dogo. A gefensa Milka ta bar fili daidai kwanciyar mutum ɗaya. Ko kaza ba ta bari ta yi tono a wurin.

Gicciyen bai daɗe ba 'yan jari-bola suka tumɓuke shi. Simintin ya rage sumul, rana na dukansa tun safe, sai Milka ta riƙa shanya citta a kai. Matan zumunta na coci suka yi mata magana.

Ta ce, "Mutumin da ya sha shayin citta har ya mutu, shi zai yi fushi? Ku ƙyale mu, hira muke yi."

Sai wata damina ta kayar da bangon ɗakunan ƙasa na gidan. Milka da 'yar hayarta Eucharia, wata Inyamura mai sayar da busasshen kifi da suka tsufa tare, suka koma kwana ƙarƙashin leda. A nan wani kamfani ya same su. Injiniyansu, Christopher, yaro mai ladabi da farar hula, ya ce Milka ta ba da filin, su jera ƙananan gidaje na zamani, ɗaya nata, ɗaya na Eucharia, saura na haya. A wani wuri ake ƙera ɗakunan, a kawo su a mota, a haɗa da noti kamar gadon ƙarfe. Sola a sama, tanki na tara ruwan rufi, gado na naɗewa jikin bango. Ya ce, "Mama, in iyali ya ƙaru a ƙara ɗaki. In ba a so, yini ɗaya a kwance shi."

Milka ta kama hannunsa ta kai shi bakin simintin. "Ɗana, babanku yana nan. Nan gefe kuma wurina ne." Ya cire hula, ya ce babu mai taɓawa.

To, ba shi ya zo aikin ba. 'Yarta Serah ta haihu a Gwantu, Milka ta tafi wankan jego, Eucharia ta koma wurin ɗanta, aka zagaye filin da kwano. Ma'aikatan da aka turo baƙi ne. Suka ga siminti mai kyau da ɓawon citta a kai, suka ce wurin shanya ne. Dokar kamfanin kuma ita ce kada a ɓarnatar da komai, duk abin da aka tarar mai ƙarfi a yi amfani da shi. Suka ɗora kicin. A filin da Milka ta bar wa kanta a gefen kabarin suka kafa tankin ruwa.

Ranar da aka buɗe gidajen, Milka ta yi ta zagaye tana neman mijinta. Eucharia ce ta gane, don kicin ɗin a ɓangarenta ya faɗo. Ta auna da ido daga bishiyar mangwaro, ta ɗora hannu a ka.

"Mama Serah, ni zan soya kifi a kan Baba? Mutumin da ya kai ni asibiti a keke ina naƙuda? Allah ya sawwaƙe!"

Har yau ba ta kunna murhun nan ba. A bakin titi take girki da gawayi, ruwa ko rana.

Milka ta je ofishin kamfanin ba sau ɗaya ba. Christopher ya ba ta kujera da ruwan sanyi. Ya ce bututun ruwan duk layin ta kicin ɗin ya bi, in an cire shi kowa zai rasa ruwa, kuma sai manya sun amince.

"Ba kai ka ce yini ɗaya ake kwancewa ba?"

"Haka ne, Mama, amma…"

"Ko notin naku ɗaurewa kawai ya iya?"

Ya sunkuyar da kai. Daga baya aka ce an mayar da shi wani gari.

Yanzu ba ta da wurin shanya, ta bar sana'ar citta. In an tashi coci ranar Lahadi, sai ta ɗauki kujera 'yar tsugunno ta shiga kicin ɗin Eucharia, ta zauna tana gaya wa daɓen labarin jikoki. Ƙafafunta sun fara kumbura, numfashi yana mata wuya. Fasto ya ce ta kwantar da hankali, akwai wuri a maƙabartar coci. Ta ce, "Fasto, alkawari na yi masa da bakina. Zan tafi can, in bar shi a ƙarƙashin tukunya?"

Ku masu kamfani, ku kuka ce gidanku kwancewa yake. Ku zo da sifana ku kwance kicin ɗin nan, ku karkatar da bututunku, ku ɗauke tankinku daga filin Milka. Ku zo tun tana iya tsayawa da ƙafarta ta nuna muku inda za a kwantar da ita.