Tautaun Yaya da Farar Inna

Har yau mutanen unguwarmu a Madarumfa cewa suke ni na so kashe tautaun Yaya da yunwa. Ba haka aka yi ba. Ƙoshi ne ya kusa kashe shi, kuma ba zan taɓa manta ranar ba.

Yayana malamin kimiyya ne, yana kiwon wani ƙaton tautau mai gashi a akwatin gilashi. Kada ku tambaye ni dalili. Da aka tura shi Yamai horo na wata biyu, sai ya bar mini shi.

"Dubi cikinsa, ki dubi ƙirjin da ƙafafu suke," in ji shi. "Su zo kusan ɗaya. In cikin ya yamutse, ruwa yake so. In ya yi ƙato, da ya faɗo sai ya fashe. Fara ɗaya a mako."

Na ce na ji. Inna ma ta ji, amma Inna mace ce da ke auna mutuncin gida da ƙibar ragon layya.

"Fara ɗaya a mako? A gidana? A ce ɗana ya bar amana mun ramar da ita?"

Lokacin kaka ne, fara ko'ina. Ina lakwal wajen karatu, Inna tana jefa masa. Gaskiya na lura cikin yana girma, daga dabino ya koma lemon tsami, na yi shiru don maƙwabta na leƙowa suna cewa, "Masha Allah, ya yi kyau."

Sai ya daina ci. Inna ta ce ƙyuya ce, ta ƙara masa. Wata Laraba na dawo da azahar na tarar da shi a rigingine, ƙafafu sama, fara uku na tsalle a kansa. Inna na tsaye da tsintsiya.

"Ya mutu. Kwana tara bai ci ba. Matsa in zubar."

Na tare akwatin, na ɗauki hoto na tura wa Yaya. Nan take ya kira.

"Wannan tautauna ne ko tunkiya?"

"Yaya, ya mutu ko bai mutu ba?"

"Saɓa zai yi. Kada ki taɓa shi. Fitar da farar nan yanzu, jikinsa zai yi laushi, za su iya cinye shi."

Ni da ko kyankyaso ba na so, na zura hannu da ludayi ina farautar fara a gefen tautau. Ta ukun ta ɗale bisa cikinsa. Na jira har ta yi tsalle da kanta, na danne ta.

Kafin la'asar ya fito daga tsohuwar fatarsa, baƙi wuluk, cikin ya koma daidai ƙirji. Lafiya lau.

Inna ta leƙa ta daɗe tana kallo.

"Kin gani? Ya rame."

Ta juya ta nufi kwanon fara.

Ranar na gane ƙiba ba ita ce shaidar kulawa ba, kuma Inna ba za ta taɓa yarda da haka ba. Ban tsaya gardama ba. Na shigar da akwatin ɗakina, na sa wa ƙofar kwaɗo, na rataya mabuɗin a wuyana har Yaya ya dawo.