Zabuwar da Ta Ari Muryata

Baba sau ɗaya ya faɗa, bai maimaita ba: "Mu ba maroƙa ba ne. Ranar da na gan ki a salula kina waƙa, ki nemi wani uban." Amma ban haƙura ba. Ni da taurin kai aka haife ni, kuma waƙa nake so.

Ɗan kawuna yana gyaran salula a Magaria, ya kuma iya zane. Don kar a ga fuskata, shi ya zana mana ƙungiyar mawaƙa a ordinatarsa, wato kwamfuta, ya sa hotunan suna motsi: jaki da kalangu, raƙumi da gurmi, sai zabuwa a gaba tana rerawa. Zabuwar ni ce. Na ce, "Haba Yaya, duk tsuntsayen Allah sai mai surutu?" Ya ce ai sai da ya dube ni da kyau kafin ya zaɓa.

Duk sanda na zo daga garinmu Dungas sayen kayan ɗinki, sai mu shige bayan shagonsa, mu jingina katifa a ƙofa, in yi waƙa ya naɗa. Kuran, wato lantarki, ya ɗauke, mu jira. Injin niƙan maƙwabta ya tashi, mu sake jira.

Waƙarmu ta farko kwaikwayon ƴan Kano muka yi. Mai tura wa mutane waƙoƙi a kasuwa ko rabi bai saurara ba, ya ce irinta sun ishe shi. Wallahi na ji zafi. Kuka na yi a bayan babur har gida, amma kafin in sauka na riga na san abin da zan yi.

Waƙar dakan Inna na ɗauko, Allah ya jiƙanta. Tun rasuwarta ba wanda ya sake yin ta a gidanmu. Muka aro turmi da taɓarya, na daka gero na gaske ina rerawa, ƙarar turmin ta zama kiɗan.

Sai ga ta a wayar ƴan kabu-kabu, sai ga ta har Bande. Ana ta cewa ƙungiyar Kano ce. Ina ji, ina cije baki, ina kuma tsoron ranar da za ta kai kunnen Baba, don ba ya fashin kasuwa.

Wata ranar kasuwa ya dawo da la'asar, ya zauna bakin rumbu bai ko cire takalmi ba. Na kawo masa ruwa. Na riga na yanke cewa in ya tambaya ba zan yi ƙarya ba, kuma ba zan daina ba.

Bai dube ni ba. Ya ce, "Na ji wata zabuwa yau a wayar mai shayi."

Na ce, "To, Baba."

"Ta tsallake baiti guda. Wanda uwarki take yi in ta hango ni na dawo daga gona."

Ban taɓa sanin da wannan baitin ba. Ya gyara murya, mutumin da ban taɓa jin ya yi waƙa ba, ya rera shi a hankali. Bai kai ƙarshe ba muryarsa ta karye. Ya sha ruwa, ya sake farowa har ya kai.

Sannan ya miƙo mini kwanon ya ce, "Ki gaya mata ta gyara."