Taubashina Ya Daina Zagina

Taubashina ɗan kawuna ne, yana kabu-kabu da mashin tsakanin Ɗan Barto da Matameye. Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba. Ɓarawo yake ce mini, ni kuma in ce masa bawana, manya na ji suna dariya, domin wasan taubasai haka yake. Da ya sayi babbar waya sai ya kwaso bakin nan nasa ya kawo shafina. Duk hoton da na sa, shi ne na farko: "Jama'a, kowa ya riƙe aljihunsa, ga ɓarawo ya yi wanka."

A shekarar da na dawo gida da diplom ɗina ina zaman jira, na ji wata ƙungiya a Damagaram tana neman mai riƙe makullin sitonta na hatsi. Na kai dosiye, wato takarduna na neman aiki. Wata da muka yi lakkwal tare, aji ɗaya, tana aiki a biron ƙungiyar, wato ofishinsu, ta ja kunnena a waya. Ta ce yanzu kafin su kira mutum sai sun leƙa shafinsa, kuma shugaban nasu baƙo ne, na'ura ke fassara masa Hausa.

Wayyo! Na'ura ta san taubashi? Mai neman riƙon sito, kuma ƙarƙashin kowane hotonsa an rubuta ɓarawo!

Ranar ban iya zama ba. Ina shagon yayana ina auna wa mutane shinkafa, hannu ɗaya a mudu, ɗaya a waya, ina goge-goge. In goge na bana, na bara ya fito. Rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, in fita bakin titi ina ɗaga waya sama kamar mai kiran kaji, in dawo. Yayana ya ce, "Kai, ko ka auna ko ka ba ni wuri." Na sa sabon hoto, riga mai wuya, fuska a ɗaure. Kafin in mayar da wayar aljihu ɗan banzan ya rubuta: "Rigar wa ka sato?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na same shi a tasha cikin 'yan kabu-kabu, yana zaune kan mashin ɗinsa. Ya hango ni ya fara, "A ɓoye makullai!" Ban yi dariya ba. Na ce masa, a gaban abokansa, "Don Allah ka girma. Ni aiki nake nema, mutane masu ilimi ke duba shafina. Ka daina zubar mini da mutunci."

Ya dube ni. Ya ce, "To, Malam."

Malam. Ni.

Ya kuwa daina. Da kansa ya bi ya share sauran abin da ban gani ba. Shafina ya yi fes, sai addu'o'i da fatan alheri. Kullum ina buɗewa, wai ina duba ko biron sun aiko saƙo, amma na san ƙarya nake yi wa kaina. Sunansa nake nema, kuma ba ya nan.

Biron ba su kira ni ba. Ko sun leƙa shafin ma, oho.

Sai aka yi suna a gidan kawu. Ina shiga ya tashi daga kujerarsa ya ba ni, ya miƙo hannu biyu ya gaishe ni, ya tambayi gida da gajiya kamar wani baƙo daga Dawce. Innata, ƙanwar babansa, tana kallo daga ƙofar ɗaki. Ta kira ni gefe ta ce, "Me ka yi wa ɗan'uwanka?" Na ce ba komai. Ta ce, "Ba komai ne zai ba ka kujera?"

Na koma na fizge hularsa na ce, "Bawana, tashi ka kawo mini ruwa." Da can, wallahi, sai mun yi kokawa a kan tabarma. Sai ya tashi ya kawo ruwan, har da ɗan rusunawa. Na karɓa na sha. Na ji kunya, na ji haushi, na rasa wanda zan huce a kansa.

Washegari na tono wani tsohon hotona a wayar yayana: ina tsugune a bakin lambu, singileti a yage, na cika baki da rake, ido a zare. Hoton da ba mai neman aiki da zai yarda a gani. Na ɗora shi a shafina, kowa ya gani, baƙon shugaba ma in ya ga dama ya fassara. Abokai suka yi ta dariya. Ni dai ina shago, in auna mudu in duba, in auna in duba.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Shi ne. Na yi maza na buɗe.

Ya rubuta: "Masha Allah. Allah ya ƙara lafiya."