Kwana Uku a Kumasi Ba Babban Yatsa

Tamale zuwa Kumasi

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba motarmu ta bar Tamale. Shekarata goma sha tara ina yi wa mata tausa, amma a bana manyan yatsuna biyu suka yi mini tawaye, ko murfin kwalba ba na iya buɗewa. Da na ji an shirya kwas na kwana uku a zangon Kumasi don masu sana'armu, na ce ko dai in samo dabara, ko in koma sayar da koko.

A gadar Buipe muka yi sallah. Ɗan sanda ya leƙa jakata, ya ga gwangwanin man kaɗanya har huɗu.

"Hajiya, biki za ki?"

"Makaranta."

Ya dubi furfurata, ya ce Allah ya ba da sa'a. Ƙarfe takwas muka ci soyayyiyar doya da yaji a Kintampo. Kilomita kusan ɗari huɗu, sai ɗaya saura muka shiga Kumasi. Na hau trotro, ƙaramar bas ta haya, zuwa unguwar Asawase, na sauka gidan ƙanwar babana, Gwaggo Balaraba. Ta tarbe ni da tuwon zafi, ta kuma miƙo mini ƙafarta tun ban wanke hannu ba.

Ranar farko

Mu goma sha biyu ne a wani ɗaki a saman bene. Malamar, Safiya, yarinya ce, na isa in haife ta. Na fara ba ta labarin shekaruna a sana'a, sai ta ce, "Anti, riƙe takardar nan da yatsu biyu." Ta ja, takarda ta zare kamar ba kowa a wurin.

"In kika ci gaba haka, nan gaba ɗaurin zane ma sai an yi miki."

Ta nuna mana yadda ake aiki da gindin tafi da sangalin hannu da gwiwar hannu: a buɗe ƙafa, a ɗan rusuna, a bar nauyin jiki ya yi aikin.

Rana ta biyu

Don mu gwada a jikin juna, aka haɗa ni da Maame Akosua, wata Ba'asantiya daga unguwar Anloga mai tausar matan kafintoci. Hausarta ta zango ce, mace da namiji duk "kai" ne.

"Kai danna! Ni ba biredi ba ne."

Na zabga mai, na kafa gwiwar hannu, na saki nauyi yadda aka ce. Santsi ya kwashe ni, sai ga ni rub da ciki a gadon bayanta. Ta kurma ihu da yarensu na Twi, ajin ya tuntsire da dariya.

"Ei! Malama ya ce nauyi kaɗan, kai ka kawo duka!"

Daga ranar na san mai cokali ɗaya ya isa.

Ranar gwaji

Aka kawo mata masu dako daga kasuwa. Tawa sunanta Azara, kafaɗunta kamar katako, wuyanta ba ya juyawa hagu. Malama Safiya ta naɗe mini manyan yatsu da filasta, ta ce in na taɓa Azara da su na faɗi. Gabana ya faɗi tun kafin ni. Na yi bisimilla, na bi gefen ƙashin baya a hankali, ina tambayarta inda ya fi zafi. Minti ashirin, ta daina amsawa. Na tsorata, na sunkuya, ashe minshari take. Da ta farka ta waiga hagu ta ce wa ya ɗauke mata takalmi.

Ni kuwa hannuna lafiya lau. Na shiga bayi na ɗan yi kuka, na fito na karɓi takardata.

Komawa gida

Shida na safe muka tashi, la'asar ta yi mini a Tamale. Mahaifiyata, wadda a hannunta na koyi tausa, ta kwanta a tabarma ta ce in nuna mata abin da ya kai ni Kumasi. Na yi mata da gwiwar hannu, ina ta bayani. Ta saurara har na gama.

"Haka nake yi tun ba a haife ki ba. Ke ce ba kya kallo."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Gwaggo da Malama Safiya. Maame Akosua kuma, Allah ya ba bayanta lafiya.