Malam Haladu da Firintar da Ta Ƙi Tsayawa

Ina shagona a Bacirawa, na buɗe cikin wata firinta ina gyara, sai waya ta yi ƙara. Wani tsohon ɗan ajinmu ne, ya ce Malam Haladu ya rasu da safe a Ɗanbatta, jana'iza bayan azahar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar komai a warwatse na fita neman mota, amma ko da na isa an riga an kai shi makwancinsa. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in miƙe, in na ɗauki aiki sai in ajiye. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani game da shi, ko zuciyata ta lafa.

Malam Haladu ne ya koya mini kwamfuta, a shekarun nan da fetur ya zama sai ɗan gata, taki kuma ya fi ƙarfin talaka. Kwamfuta ɗaya ce tak a 'yar cibiyarsa, sai wata tsohuwar firinta mai ƙara kamar injin markaɗe. Wuta kuwa baƙuwa ce. Sai ya samo ɗan mai a galan mu tashi janareta, kowa ya taɓa na'urar a gurguje. Mutum ne da ba ya iya zama, yana koyarwa yana zagaya ɗakin. In ribon firintar, wato ƙyallen tawadarta, ya bushe, ya ɗiga masa man keken ɗinki ya lallaɓa shi. Yakan ce mana, "Na'ura ba ta da ƙeta, abin da ka gaya mata shi take yi."

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Makoda. Yayana ya tafi cirani bai dawo ba, ga damina ta ƙarato, Baba kuma shi kaɗai ne a gona. Wata rana ya zaunar da ni ya ce mai koyon ɗinki yakan kawo riga gida, mai koyon ƙira ya kawo fartanya, ni fa, wata da watanni me na kawo? Na ce duk abin da nake yi a gilashin kwamfuta yake fitowa, in janareta ya mutu ya ɓace. Baba ya ce to, ruwa na sauka in tattaro in dawo gona. Hankalina ya tashi matuƙa, kullum idona na gabas ina tsoron hadari.

Da na gaya wa Malam, sai ya yi abin da bai taɓa yi wa wani ɗalibi ba, ya buɗe firintar. Takardar da ta rage 'yar kaɗan ce, irin doguwar nan mai ramuka a gefe, kuma ba a san ranar samun wata ba. Ya nuna mini cewa rubutun ɗaya ne, hanya kawai za a canza masa: duk inda na sa PRINT in mayar da shi LPRINT, sai ya bar gilashi ya nufi takarda. Sannan ya ce, "Duba sosai kafin ka aika. Na gilashi ana gogewa, amma abin da ya hau takarda ya zama amana."

Mu duka da Bismillah muke fara kowane aiki. Nawa Basmala ce a sama, sai sunan Baba da na ƙauyenmu. A ƙarshe akwai wani layi da ke mayar da aikin farko, wanda muke sawa don daɗin kallon rubutu yana gudu a gilashi. Cikin rawar jiki na manta da shi. Firinta ta buga, ta sake bugawa, ta ƙi tsayawa, takarda ta yo ƙasa. Malam bai nufi makunni ba, takardar ya fara tarewa da hannu biyu don kada sunan Allah ya taɓa ƙasa. Wani ya kai hannu zai zare wayar wutar, Malam ya hana, ya ce ba a yanke Basmala a tsakiya. Sai da ya ga layin ya cika sannan ya ce a kashe. Kafin nan takarda ta kusa ƙarewa, kuma ba irin wadda za a zubar ba ce, balle a ba mai ƙosai. Ya ninke ta a hankali ya ɗora a saman kabad. Ina jiran faɗa, sai kawai ya ce yau ni Sabi'u na sa na'ura wuridi.

Ran Asabar ya goya ni a keke har ƙauyenmu, shafin farko yana aljihunsa. Baba ba ya karatun boko, sai Malam ya karanta masa. Baba ya juya takardar, ya shafa bayanta da yatsa inda allurar firinta ta huda, ya daɗe yana shafawa.

"Yaron nan ne ya sa na'urar ta yi wannan?"

"Shi ne, Baba."

"Na gani. Amma Malam, takarda ba ta noma. Wa zai kama mini?"

"Ni. Asabar da Lahadi, ni da shi."

Na zaci magana ce ta fatar baki. Wallahi tun daga shuka har noman farko da maimai, babu makon da kekensa bai tsaya a bakin gonarmu ba. Bai iya noma sosai ba, Baba yana tsokanarsa cewa kunyarsa karkatacciya ce, shi kuma yana dariya. Ran Litinin sai ya shigo aji ya riƙe alli da hannu ɗaure da tsumma, ban taɓa jin ya gaya wa kowa dalili ba. Duk abincin da nake ci yau da wannan sana'a, da tafin hannun nan aka saya mini shi.

Ya Allah, Ka jiƙan Malam Haladu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba shi hutun da bai ba kansa ba a duniya. Maiɗakinsa da 'ya'yansa, Allah Ka ba su haƙuri, Ka aiko musu da mai kama musu kamar yadda ya kama wa mahaifina. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ka sa mu cika da imani. Amin.